KIMIYYA A SAUƘAƘE: In Faks Ta Ƙi Tafiya A Kan Tarhon Intanet

Filin nan na wannan mako zai duba wata matsala wadda ta addabi gidaje da ƙananan ofisoshi masu yawa tun sa'ad da aka fara sauya tsohon layin tarho da sabon tarho mai bi ta intanet. Mutum yakan ɗauki kan tarho ya yi magana da ɗan'uwansa da ke wata ƙasa, murya tana fita raɗau kamar suna ɗaki ɗaya. Amma da zarar ya sa takarda a cikin na'urar faks domin ya aika ta wannan layin, sai na'urar ta yi ta kuka, can ta yi shiru, sa'an nan ta turo masa 'yar takarda mai cewa saƙo bai tafi ba. Wata rana shafi na farko ya wuce, na biyu ya maƙale. Wata rana kuwa takarda ta isa, amma baƙin zane ya cinye rabin rubutun.

Mai karatu zai iya cewa, to, ina ruwan wani da faks a wannan zamani? Amsa ita ce, akwai wuraren da har yanzu ba su sake ta ba, kuma wurare ne da ba a ja musu. A Amurka, asibitoci da kantunan magani da kamfanonin inshora suna aika wa juna takardun marasa lafiya ta faks. A Jamus, ofisoshin gwamnati da na lauyoyi da yawa suna riƙe da ita. A Japan kuwa ƙananan kamfanoni da dama ta faks suke karɓar oda. Saboda haka ɗan Nijeriya mazaunin Amurka wanda likita ya ce ya turo sakamakon gwaji, ko ɗan kasuwar Kano ko Ikko mai odar kayan gyaran inji daga Japan, takarda ɗaya da ta ƙi tafiya tana iya jawo masa asarar ranar ganin likita, ko rushewar ciniki.

Yawancin mutane na'urar suke ɗora wa laifi. Su kai ta wurin mai gyara, ko su sayi sabuwa, sabuwar ma ta maimaita halin tsohuwar. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau. Hanyar da aka ɗora ta a kai ce aka gina domin kunnen ɗan Adam, kuma dabarun da ke sa murya ta yi daɗin ji a kan intanet su ne suke lalata saƙon faks. Wanda ya fahimci wannan ya sami rabin magani.

TSOHUWAR DA TA ƘI MUTUWA

Faks ta girmi tarho kansa. A shekarar 1843 wani maƙerin agogo ɗan Sikotilan, Alexander Bain, ya yi rajistar dabarar aika zane ta waya, alhali kuwa Alexander Graham Bell bai sami rajistar tarhonsa ba sai a 1876. A 1865 wani ɗan Italiya, Giovanni Caselli, ya sa aka buɗe hidimar aika rubutu da zane tsakanin Faris da Liyon a ƙasar Faransa. Kamfanin Xerox ya fito da na'urar ofis mai aiki da layin tarho na kowa da kowa a 1966. Amma abin da ya bai wa faks duniya shi ne ƙa'idar da aka amince da ita a 1980 a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, watau ITU, mai hedkwata a Jeniba. Daga nan ne na'urar ko wane kamfani ta iya fahimtar ta ko wane kamfani, kuma da wannan ƙa'idar ce ake aiki har gobe.

A Nijeriya manya ba su manta da zamanin NITEL ba, wanda aka kafa a 1985, lokacin da mutum yakan je shagon buga waya ya biya kuɗin aika takarda shafi-shafi. Da wayar hannu ta GSM ta shigo a 2001, layukan ƙasa suka yi ta mutuwa, faks ta bi su. A ƙasashen Turai kuwa layin jan ƙarfe ya daɗe bai mutu ba, sai yanzu ake kwashe shi. A Ingila an sa wa'adin rufe tsohon tsarin tarho a watan Disamba na 2025, amma a 2024 aka ɗage shi zuwa watan Janairu na 2027. Duk gidan da aka juya, tarhonsa ya koma bin intanet, ko mai gidan ya lura ko bai lura ba.

An sha ƙoƙarin yi wa faks ritaya. A 2018 wani bincike na Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila ya nuna cewa asibitocin gwamnati a can suna da na'urorin faks fiye da 8,000, har ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, ya hana sayen sababbi. A Japan minista Taro Kono ya nemi raba ma'aikatun gwamnati da ita a 2021, ma'aikata suka yi ta kawo uzuri. Muddin dai akwai ofishin da zai ce sai ta faks, tilas mai buƙata ya san yadda zai lallaɓa ta.

YADDA NA'URA BIYU KE GAISAWA

Kukan nan da ake ji sa'ad da faks ta buga lamba magana ce mai tsari, kuma kamar gaisuwar dattawa take, ba a tsallake wani sashe nata. Na'urar da ta kira takan yi sallama da wani sauti mai kaɗawa 1,100 a sakan ɗaya, ta yi shi na rabin sakan, ta dakata sakan uku, ta sake. Wadda aka kira ta amsa da dogon sauti mai kaɗawa 2,100. Sa'an nan ta bayyana abin da take iyawa: girman takardar da take ɗauka, da ingancin rubutu, da iyakar gudunta. Wannan ɓangare a hankali ake yin sa, bit 300 kacal a sakan ɗaya. Shi bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin saƙo a harkar kwamfuta.

Bayan haka mai kira ta zaɓi gudun da za a yi, ta aika gwaji na sakan ɗaya da rabi. In gwajin ya isa lafiya, mai karɓa ta ce a ci gaba. In bai isa ba, a sauko mataki ɗaya a sake: daga 14,400 zuwa 12,000, zuwa 9,600, zuwa 7,200, har ƙasa zuwa 2,400. Na'urorin zamani ma sukan fara daga 33,600. Sai an daidaita sa'an nan shafi ya fara tafiya. Ko wane layi na faɗin takarda ana raba shi ɗigo 1,728, kuma takardar ofis mai girman A4 tana ɗauke da irin wannan layi sama da 1,100. A ƙarshen ko wane shafi mai aikawa ta tambaya ko ya isa, ta jira amsa. In ta tambaya sau uku ba ta ji kome ba, sai ta ajiye waya.

Abin lura a nan shi ne, dukan wannan tsari an gina shi ne a kan amanar tsohon layi. Tsohon layin tarho hanya ce da ake keɓe wa mutum biyu su kaɗai daga farkon kira har ƙarshensa. Sauti yana iya yin ƙasa, yana iya haɗuwa da shuu, amma ba ya yankewa, kuma na baya ba ya riga na gaba isa.

ABIN DA INTANET KE YI WA SAUTI

Tarhon intanet ba ya keɓe wa kowa hanya. Ɗan akwatin da ake haɗa kan tarho da shi, wanda ake kira adafta, yakan yayyanka sauti ƙulli-ƙulli, kamar yadda mai sayar da gishiri ke ƙulla shi a leda. Galibi ko wane ƙulli yana ɗauke da sautin kashi ɗaya cikin hamsin na sakan, watau ƙulli 50 a sakan ɗaya, 3,000 a minti ɗaya. Waɗannan ƙulle-ƙulle suna shiga hanya ɗaya da hotuna da fina-finai da saƙonnin kowa da kowa. Daga nan matsala huɗu suke tasowa.

Ta farko ita ce ɓacewar ƙulli. A kiran murya, ƙullin da ya ɓata ya ɓata ke nan, ba a sake aiko shi, domin maganar da ta zo a makare ba ta da amfani. Kunnen mutum ba ya damuwa da giɓin kashi ɗaya cikin hamsin na sakan, ƙwaƙwalwa takan cike shi ba tare da mai sauraro ya sani ba. Faks ba ta da wannan baiwar. In tana gudun 14,400, ƙulli ɗaya yana ɗauke da bit 288. In tana gudun 9,600, yana ɗauke da 192. A ce ƙulli ɗaya cikin ɗari ne yake ɓata. Mai hira da ɗan'uwansa da ƙyar zai lura, amma a minti ɗaya ƙulli 30 ke nan suka salwanta, kuma ko wannensu yana iya sa na'urar karɓa ta rasa inda take a cikin lissafi.

Ta biyu ita ce rashin isowa a kan kari. Wani ƙulli ya zo da wuri, wani ya makara, wani ya riga na gabansa. Domin maganin wannan, adafta tana da wani zauren jira inda take tara ƙulle-ƙulle ta jera su kafin ta sake su. A kiran murya zauren yakan faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon halin hanya, kuma a duk sa'ad da ya motsa, ana ɗan tsinke sauti ko a ƙara masa. Mutum ba ya ji, faks kuwa tana ji. Har ila yau agogon adaftar wannan gida da na na'urar kamfani ba sa tafiya daidai wa daida. Bambancin ƙanƙane ne, amma yana taruwa. Wannan yana cikin dalilan da suke sa takarda mai shafi biyu ta wuce, mai shafi ashirin ta mutu a tsakiya.

Ta uku ita ce matse murya. Akwai tsari mai suna G.711, wanda ya samo asali tun 1972. Shi yana auna sauti sau 8,000 a sakan ɗaya, ya aika shi yadda yake da bit 64,000. Akwai kuma irin su G.729 da ke amfani da bit 8,000 kacal, watau kashi ɗaya cikin takwas. Yadda yake samun wannan rangwame shi ne, kwatancin yadda maƙogwaron mutum ya furta sautin yake aikawa, can a ɗaya gefen a sake ƙera murya mai kama da ita. Ga magana wannan dabara ce mai kyau. Amma kukan faks ba daga maƙogwaro yake fita ba, saboda haka abin da ke isa can ba ya karantuwa.

Ta huɗu ita ce dabarun gyaran murya. Akwai wadda ke daina aika ƙulli in ta ji an yi shiru, domin tsimin hanya. Takan gutsure farkon sautin da ya biyo bayan shirun, kuma gaisuwar faks cike take da gajerun shiru. Akwai kuma mai kashe amsa-kuwwa, wadda wani lokaci takan taɓa sautin faks tana zaton amsa-kuwwa ce.

Injiniyoyi sun ga wannan tun da wuri, shi ya sa a 1998 ITU ta fito da wata ƙa'ida mai suna T.38. A ƙarƙashinta adafta takan saurari kukan faks, ta fassara shi zuwa ainihin saƙon da yake ɗauke da shi, ta aika saƙon, kuma galibi ko wane ƙulli yana tafe da kwafin wanda ya gabace shi, ta yadda in ɗaya ya ɓata na bayansa ya cike gurbin. A can ƙarshen hanya wata na'ura ta sake mayar da shi kuka. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: tilas adaftar gida da kamfanin tarho, da duk wani kamfani da kiran zai ratsa, su kasance sun yarda da tsarin.

MATAKAN GYARA

Kafin a taɓa kome, a samu takarda da alƙalami. A riƙa sauya abu ɗaya tak a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya sauya abu biyar a tare, ko an dace bai san wanne ya yi aiki ba, in kuma abin ya ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba. A kuma riƙa gwaji da lamba biyu ko uku, domin wata rana ciwon yana wajen mai karɓa ne.

Mataki na ɗaya, a tabbatar da abubuwan da ido ke gani. Bayan na'urar faks akwai kafa biyu masu kama da juna, ɗaya ta shigowar layi, ɗaya ta ƙarin kan tarho, kuma mutane da yawa sukan sa waya a kafar da ba ita ba. A haɗa faks kai tsaye da adafta da gajeriyar waya mai lafiya, a cire duk wani marabin layi ko tsohon matacin intanet da ya saura daga zamanin layin jan ƙarfe. Sa'an nan a cire faks a sa kan tarho a wannan kafar, a kira lambar da ake son aika wa. In an ji dogon sautin amsa, to lamba daidai ce, kuma kira yana isa. In ba a ji ba, a duba yadda ake buga lambar, domin wasu kamfanonin intanet suna son a sa lambar gari ko ta ƙasa ko da kiran na cikin gari ne.

Mataki na biyu, kuma shi ya fi kowanne warkar da ciwon, a rage gudu. A shiga jerin saitin na'urar a saukar da gudun aikawa da na karɓa zuwa 9,600. In akwai wurin da aka rubuta V.34 ko 33,600, a kashe shi, gama wannan gudu ya fi kowanne rashin haƙuri da giɓi, kuma yawancin na'urorin T.38 ba sa wuce 14,400. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin sun san da haka. A na'urorin Brother da yawa akwai wani saiti na musamman domin tarhon intanet, wanda ke saukar da gudu zuwa 9,600, kuma littattafan HP suna ba da shawarar rage gudu ga mai irin wannan layi. In 9,600 bai yi ba, a gwada 7,200 ko 4,800. Shafi zai ɗan jima, amma sannu ba ta hana zuwa, kuma an ce sauri ya haifi nawa.

Mataki na uku, a duba saitin gyaran kuskure, wanda ake rubutawa da haruffa ECM. Aikinsa shi ne ya raba shafi gunduwa-gunduwa, mai karɓa ta duba ko wace gunduwa, wadda ta lalace ta ce a sake aiko ta. A layin da ɓacewar ƙulli kaɗan ce, wannan alheri ne, domin shafi zai isa tsaf. A layin da ɓacewar ta yi yawa kuwa, sai a yi ta maimaici, gunduwar da aka sake aikowa ita ma ta lalace, har na'urar ta gaji ta ajiye waya. Saboda haka a fara gwadawa yana kunne. In kira yana yankewa, a kashe shi a sake. Amma a san cewa kashe shi yana da farashi, wanda za a zo kansa nan gaba.

Mataki na huɗu, a rage wa saƙon nauyi. A zaɓi ingancin rubutu na yau da kullum, domin inganci na gaba da shi yana ninka yawan layukan shafi. A guji takarda mai hoto ko baƙar inuwa, a bar shafin bango mai ado. Takarda mai shafi ashirin a raba ta kashi huɗu ko biyar, a sa wa ko wane shafi lamba da hannu domin mai karɓa ya san ko sun cika.

Mataki na biyar, a koma wajen kamfanin tarho, gama mai tambaya ba ya ɓata. Tambayoyin da za a yi musu su ne: shin layin yana ɗaukar faks? Shin suna aiki da T.38, kuma an kunna shi a wannan layin? In ba sa yi, za su iya ɗaure layin a kan G.711 shi kaɗai? In mai gida yana da ikon shiga saitin adaftarsa, kamar yadda ake yi a irin su Grandstream da Cisco, sai ya zaɓi G.711, ya kashe tsimin shiru, ya tsayar da zauren jira a kan girma ɗaya. Shi G.711 iri biyu ne, na Amurka da Japan daban, na sauran duniya daban, saboda haka a bi wanda kamfani ya faɗa. In T.38 yana kunne amma kira yana mutuwa daidai bayan dogon sautin amsa, a gwada kashe shi, domin wannan alama ce ta cewa wani a tsakiyar hanya bai yarda da shi ba. Wasu kamfanoni kuma suna da 'yar lamba da ake fara bugawa domin a shaida wa adafta cewa faks ce ke tafe. Masu hulɗa da Ooma a Amurka alamar tauraro da 99 suke fara dannawa.

Mataki na shida, a gyara hanyar cikin gida. A nan mutane da yawa suke ɓarnar kuɗi, su sayi intanet mai gudu ninki goma, faks ta ci gaba da gardamarta. Kiran G.711 bai kai bit 100,000 a sakan ba a ko wane gefe, abin da ko ƙaramin layi zai ɗauka. Natsuwar hanya ake nema. A haɗa adafta da rauta, watau na'urar da ke rarraba intanet a gida, da wayar kebul maimakon Wi-Fi. A dakatar da masu tura bidiyo da hotuna har takarda ta wuce, domin hanyar fita daga gida ita ce ta fi saurin cushewa. In rauta tana da saitin fifita kiran tarho, a kunna shi. In tana da wani saiti mai suna SIP ALG, a gwada kashe shi, domin an san shi da rikita kira a daidai lokacin da ake juyawa daga murya zuwa T.38. Wanda intanet ɗinsa ta hasumiyar wayar hannu take zuwa, ko ta tauraron ɗan Adam, ya sa a ransa cewa rashin isowa a kan kari ya fi yawa a can, sai ya nemi lokacin da jama'a suka ragu, kamar bayan asuba. A inda wuta ba ta tsayawa kuwa, a sa rauta da adafta da faks a kan batir ɗaya, domin ƙiftawar wuta sau ɗaya ta isa ta kashe kira.

In matsalar ta karɓa ce, a duba wane ne ke riga faks ɗauka. Tarhon intanet galibi yana zuwa da ma'ajiyar saƙon murya wadda ke amsa kira bayan ƙara huɗu ko biyar. In an saita faks ta jira ƙara shida, ba za ta taɓa samun kiran ba. A sa ta ɗauka a ƙara ta biyu. A kuma kashe 'yar ƙarar nan da ke sanar da shigowar kira na biyu, gama in ta faɗo a tsakiyar shafi ta lalata shi.

HATTARA DA TAKARDAR SHAIDA

Yanzu sai a dawo kan farashin kashe ECM. In an kashe shi, na'urar karɓa takan haƙura da wasu layuka da suka lalace, ta buga shafin haka nan, ta ce ya isa. Mai aikawa ya sami 'yar takardarsa mai cewa an yi nasara, ya kwanta da murna, alhali kuwa a can wani siririn zane ya ratsa ta kan adadin kuɗi, ko lambar asusun banki, ko ma'aunin maganin da likita ya rubuta. Layi biyu ko uku da suka ɓata sun isa su shafe ɗigon da ke raba 2.5 da 25. Har ila yau, inda kira ya bi ta kamfanin da ke karɓar saƙo ya ajiye sa'an nan ya tura gaba, takardar shaidar tana nuna isa wurin kamfanin ne kawai.

Saboda haka duk takardar da ta shafi rai, ko dukiya, ko wa'adin kotu, kada a tsaya ga shaidar na'ura. A ɗauki tarho a kira mai karɓa, a tambaye shi shafi nawa ya gani, a roƙe shi ya karanto muhimman lambobi. Muhimmin adadi kuma a rubuta shi da lamba, a sake rubuta shi da kalmomi, kamar yadda ake yi a takardar cek. Rigakafi ya fi magani.

IN DUK AN YI BA A DACE BA

Akwai layin da ba zai taɓa ɗaukar faks yadda ya kamata ba, kome aka yi masa, kuma kamfanoni da yawa sun faɗa a fili cewa ba su lamunce faks a kan tarhon intanet ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Akwai kamfanonin da ke ba mutum lambar faks, ya ɗauki hoton takardarsa ya tura musu ta imel ko ta manhaja, su kuma su isar da ita ga na'urar mai karɓa ta layinsu mai inganci. Abin da aka aiko masa kuma ya same shi a imel. Wannan ya kauce wa dukan matsalolin da aka lissafa, domin takardar ba ta bi ta cikin kiran murya daga gida ba. Amma a tuna cewa takardar za ta kwana a hannun wani. Kafin a miƙa musu takardar asibiti ko fasfo ko ta banki, a karanta sharuɗɗansu, a san tsawon lokacin da suke ajiye saƙo da kuma wanda ke iya ganinsa, a guji waɗanda ba a san asalinsu ba ko da kyauta suke yi. Kuma babu laifi a tambayi ofishin da ya nemi faks ko yana da wata amintacciyar hanya ta karɓar takarda; sau da yawa akwai, ba a dai tambaya ba ne.

Mai na'ura dai kada ya yi saurin jefar da ita, kada kuma ya biya mai gyara kuɗin ciwon da babu. Ya fara da waya da kafa, ya sauko da gudu zuwa 9,600, ya gwada ECM a kunne da a kashe, ya nemi G.711 ko T.38 daga kamfaninsa, sa'an nan bayan ko wace muhimmiyar takarda ya kira ya ji da kunnensa cewa ta isa cikakkiya.